Yadda Ake Haɗa Maƙalin Guznek a Motar A-kori-kura Mai Jakunkunan Iska

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga cikin waya ya shiga ƙarƙashin mota, amma kada ka ajiye wayarka nesa, domin za mu buƙace ta kafin mu gama. Duk mai yawan kallon bidiyon manoman Amurka a YouTube ko TikTok ya taɓa ganin a-kori-kura irin su Ford F-350 ko Ram 3500 tana jan doguwar tirela cike da shanu ko tarakta, wuyan tirelar ya lanƙwaso ya sauka a tsakiyar bodin motar. Wannan wuyan shi ake kira guznek, ma'anarsa wuyan dinya, saboda yadda ya lanƙwashe. Wasu masu irin wannan mota kuma suna ƙara mata jakunkunan iska a ƙafafun baya. To haɗa waɗannan abubuwa biyu a mota ɗaya shi ne abin da za mu duba, domin dukkansu wuri ɗaya suke nema a jikin shasi, kuma mutane da yawa suna ɗaukar jakar iska a matsayin abin da ba ita ba ce.

Da farko, jakar iskar da muke magana a kai ba ita ce wadda ke fashewa daga sitiyari idan an yi hatsari ba. Wannan wata jakar roba ce mai kauri, an ƙarfafa ta da zare kamar taya, ana girka ta tsakanin shasi da aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. Idan ka hura mata iska sai ta taimaka wa sifirin wajen ɗaukar nauyi. Sanannun masu yin ta su ne Air Lift da ke Lansing a jihar Mishigan, da Firestone mai samfurin Ride-Rite.

Me ya sa ake kai maƙalin tsakiyar bodi?

Maƙalin da aka fi sani yana can ƙarshen mota, ƙarƙashin bamba. Matsalarsa ita ce yana bayan tayoyin baya da tazara, don haka idan tirela ta danna shi ƙasa sai gaban motar ya ɗaga, kamar lilon yara da ake yi da katako. Gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kama hanya, tirela kuma ta samu damar kaɗa motar hagu da dama.

Guznek ya kauce wa wannan ta hanyar ajiye ƙwallon ƙarfe daidai saman aksil ɗin baya, ko gaba da shi kaɗan. Nauyin sai ya sauka kai tsaye kan tayoyin da aka yi domin ɗaukarsa. Faɗin ƙwallon da aka fi amfani da shi inci 2 da 5/16 ne, kusan milimita 59. Saboda wurin da yake, ana iya ɗora masa kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirela, alhali na bamba bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Kuma motar tana iya karya kwana sosai a matsattsen wuri, abin da mai gona ke so.

Samfurin da ya fi shahara shi ne Turnoverball na kamfanin B&W da ke garin Humboldt a jihar Kansas. Duk ƙarafansa suna ƙarƙashin bodi ne, abin da ke fitowa sama ƙwallon kawai. Idan ba ka jan tirela sai ka zare shi ka kifa shi cikin raminsa, bodin ya koma shimfiɗaɗɗe. An rubuta cewa yana jan tirela mai nauyin fam 30,000, kusan kilo 13,600, yana kuma ɗaukar fam 7,500 a kan ƙwallon, kusan kilo 3,400. Riƙe waɗannan lambobi a ranka, domin ƙarfin maƙalin ne kawai, ba ƙarfin motar ba.

Jakar iska ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya

Nan ne ya kamata a tsaya a fahimta, domin a nan ake karya aksil, a nan taya ke fashewa a kan babbar hanya.

Ka tuna manhajojin nan da ke cewa za su ƙara wa wayarka RAM? Ka sauke, ka danna, lambobi su yi kore, ka ji daɗi. Amma guntun ƙarfen da ke cikin wayar yana nan yadda kamfani ya saka shi. To kusan haka lamarin jakar iska yake, sai dai ita tana da aikin gaske da take yi: tana ɗaga bayan mota ya dawo daidai, fitilun gaba su daina haska sama suna kashe wa masu tahowa ido, motar ta rage tsalle da dukan ƙasa idan ta faɗa rami. Abin da ba ta yi shi ne ƙara wa aksil kauri, ko ƙara wa birki ƙarfi, ko canza tayoyin. Nauyin da ke kan aksil kafin ka hura iska shi ne dai a kansa bayan ka hura. Kamfanonin da ke yin jakunkunan su da kansu suna rubuta haka a takardun da ke cikin kwali.

Haɗarin shi ne ta ɓoye alamar. Da can idan ka yi wa mota lodi fiye da kima, za ka ga bayanta ya durƙushe, ka san akwai matsala. Yanzu ka hura iska, motar ta miƙe tsaf, ido ya ce komai lafiya.

Lambobin gaskiya suna kan takardar da aka liƙa a jikin ƙofar direba. Akwai GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya da duk abin da ke cikinta. Akwai GAWR, iyakar abin da kowane aksil zai ɗauka, na gaba daban na baya daban. A motocin Amurka akwai kuma wata takarda mai bayanin tayoyi da ke faɗin jimillar nauyin mutane da kaya da aka yarda a ɗora. Ɗauki hoton takardun nan da wayarka ka ajiye.

Bari mu yi lissafi da misali, lambobin na koyarwa ne kawai. A ce takardar motarka ta ce kilo 1,500. Tirelarka da kayanta kilo 6,000 ce. Kashi 20 cikin ɗari nata zai sauka a kan ƙwallo, kilo 1,200 ke nan. A ce ƙarafan maƙalin da jakunkunan sun kai kilo 60. Mutum huɗu a cikin mota, kowa kilo 75, ya zama 300. Jimilla 1,560. Ka riga ka wuce iyaka da kilo 60, ba ka ma saka jarkar mai ko akwatin kayan aiki ba. Maƙalin da ke iya ɗaukar 3,400 bai ji komai ba, jakunkunan ma haka, amma motar ta cika ta batse. A tsarin kwamfuta ma haka ne, gudun na'ura yana tsayawa ne a kan ɓangaren da ya fi rauni.

Shi ya sa za ka ga a Amurka guznek ya fi yawa a kan manyan a-kori-kura, F-250 da F-350, Ram 2500 da 3500, Silverado 2500 da 3500. Hilux da muka saba gani a nan ƙasar kayan da take ɗauka kusan tan ɗaya ne, kuma sababbin samfuranta iyakar tirelar da aka amince su ja bai wuce kilo 3,500 ba, shi ma sai tirelar tana da birkinta. Saka mata jakar iska ba zai mayar da ita F-350 ba.

Inda suke rigima a jikin shasi

Leƙa ta saman tayar baya, cikin ramin da tayar ke shiga. Za ka ga gefen shasi, ƙasa da shi kuma sifirin mai ganye-ganye da aksil. Maƙalin guznek yana da sandunan ƙarfe biyu da ke gitta shasi ta ƙarƙashin bodi, sannan da faranti biyu masu kauri da ake ɗaurewa a gefen shasi na waje, hagu da dama, daidai saman aksil. Dole ne su kasance a nan tunda ƙwallon a nan yake.

Ita ma jakar iska a nan take son zama, domin aikinta tsakanin shasi da aksil ne. Jakunkunan iri biyu ne ta fuskar girkawa. Akwai wadda ke zama a wajen shasi, ƙasanta a kan sifirin, samanta kuma a maƙale da wani ƙarfe da ake ɗaurewa a gefen shasi. Wannan ita ce mai faɗa da farantin guznek, domin sau da yawa ramukan noti ɗaya suke nema. Akwai kuma wadda ke zama a ƙarƙashin shasi kai tsaye, a gurbin ɗan dunƙulen robar nan da kamfani ya saka don hana shasi dukan aksil. Ana cire robar, jakar ta maye wurinta. Irin wannan ta fi zama lafiya da guznek, ko da yake wani lokaci notin da ke riƙe farantin yakan sauko ya tokare ta. Idan za a cire robar, ni na fi son jakar da ke da irin wannan roba a cikinta, kamar LoadLifter 5000 Ultimate, domin ko iska ta zube akwai abin da zai tare duka.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin a sayi komai. Shiga shafin kamfanin jakar, saka shekarar motarka, samfurinta, ko mai jan ƙafa biyu ce ko huɗu, ko tayoyin baya ɗaya-ɗaya ne ko bibbiyu, da tsawon bodi. Sannan ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin kowane samfuri, a nan suke faɗin wanda ke shiga da maƙalin cikin bodi da wanda ba ya shiga. Sauke takardun girkawa na maƙalin da na jakar, duk kyauta suke a PDF, ka buɗe zanen gefen shasi na kowanne ka kwatanta ramukan. Minti ashirin na wannan karatu ya fi maka sauƙi a kan kayan da suka ƙetaro teku suka ƙi shiga.

Abubuwa biyu na iya canza lissafin. Wasu motocin suna fitowa daga kamfani da ramin guznek a shirye a cikin bodi, Ford da Ram da GM duk suna sayar da wannan zaɓi, sai ka sayi ƙwallo kawai ka zura. Sannan Ram 2500 daga samfurin 2014 sifirin ɗinta na baya nannaɗaɗɗe ne, ba mai ganye ba, wasu ma da jakar iska ta kamfani suke zuwa, don haka kayan wata motar ba za su yi mata ba.

Aikin kansa

Maƙali ake fara girkawa, jaka ta biyo baya. Dalili kuwa shi ne maƙalin ba ya motsi daga inda aka ƙayyade masa ko da rabin inci, ita kuwa jakar da tiyonta akwai ɗan sassauci. Idan motar ta riga tana da jakunkuna, a sace iskar, a kwance ƙarafansu na sama, a ajiye gefe.

Ajiye motar a daidaitaccen wuri, sa waigi a tayoyin gaba. Idan za a ɗaga ta, a tokare shasin da ƙafafun ƙarfe na tsayar da mota, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Cire safaya taya domin samun fili. A wasu motocin sai an kwance farantin da ke kare zafin salansa.

Sai awo, wanda shi ne mafi hatsari a duk aikin, domin za ka huda rami mai faɗin inci 4 a tsakiyar bodi, kuma rami ba shi da maɓallin komawa baya. Takardar girkawa za ta ba ka tazara daga ƙarshen bodi ta baya zuwa tsakiyar ramin, kuma lambar ta bambanta tsakanin dogon bodi da gajere. Ta faɗi kuwa, tsakiyar tudun tayoyin biyu ake nema. Auna, yi alama, sake aunawa, kira wani ya auna. Kafin injin huda ya taɓa ƙarfe, leƙa ƙasa ka ga abin da ke wurin: tankin mai, bututun birki, wayoyi. Fara da ƙaramin rami, ka duba ta ƙasa ka tabbatar ya faɗo inda ya dace, sannan ka yi babban. Goge bakin ramin ka shafa fenti saboda tsatsa. Bodin F-150 daga 2015, da na F-250 da F-350 daga 2017, na alminiyom ne, kuma alminiyom da baƙin ƙarfe idan suka haɗu da danshi suna cin juna, don haka a bi abin da takarda ta ce game da raba su.

Ana zura sandunan biyu ta ramin taya, tsakanin shasi da bodi. Sai a ɗaga ƙarfen tsakiya mai ramin ƙwallo daga ƙasa har bakinsa ya shiga ramin da aka huda. Yana da nauyi, aikin mutum biyu ne, ko a rataye shi da igiya daga sama. A saka faranti biyu na gefe. Duk notocin a ɗaura su da hannu tukuna, sai komai ya zauna daidai sannan a matse su bi da bi kamar yadda takarda ta jera, da sifana mai geji wadda ke nuna ƙarfin matsi. "Na ji ya matsu" ba awo ba ne. Daga nan sai hannun da ke sakin ƙwallo, wanda ke fitowa ta ramin tayar gefen direba, da ƙananan ramuka huɗu na ƙarafan da ake maƙala sarƙar kariya.

Wani zai ce ai mai walda zai iya haɗa wannan a yini ɗaya. Kada a yi. Shasin motocin zamani an yi shi da ƙarfe na musamman wanda zafin walda ke raunana shi, kuma tsagewar ba ta nuna kanta sai ranar da ake kan gudu da kaya. Haka ma huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa, nan ne ya fi ɗaukar wahala.

Yanzu jakunkuna. A haɗa kowace da ƙarafanta a ƙasa, a matse ta da hannu a zura ta gurbinta. Ta tsaya a miƙe, sama da ƙasa su kalli juna, kada ta karkace. Idan aka hura ta sosai ya zama akwai aƙalla rabin inci tsakaninta da duk wani abu, musamman bakin farantin guznek da kan notoci, domin roba da ke gogar ƙarfe kullum ƙarshenta huji ne. Wadda ke gefen salansa a saka mata farantin kare zafi. Tiyon iska a yanke shi da reza mai kaifi, yankan ya zama a miƙe. Almakashi da filaya suna matse bakinsa, daga nan yoyo ke farawa. A bi da shi nesa da salansa da hannun sakin ƙwallo, a ɗaure da igiyar roba, a bar masa ɗan rara saboda motsin aksil.

Gwajin yoyo irin na mai faci ne: hura iska, fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne. A bar ta ta kwana a sake aunawa da safe.

Inda waya ta shigo

Jakunkuna irin LoadLifter 5000 suna aiki tsakanin PSI 5 zuwa 100, kuma a cike biyun suna tallafar har fam 5,000, kusan kilo 2,270. Lissafin mai sauƙi ne, matsin iska sau faɗin jaka, don haka rabin iska yana ba da kusan rabin tallafi. Ba a barin su ƙasa da 5 ko da motar babu kaya, in ba haka ba robar za ta nannaɗe ta ci kanta.

Mafi arha shi ne bawul irin na taya a bayan mota, ka hura da famfo. Mai son sauƙi kuma sai ya saka ƙaramin kwamfuresa mai aiki da batirin mota. Air Lift tana da WirelessOne da WirelessAir, waɗanda sababbinsu ke haɗuwa da manhaja a waya ta Bluetooth. Na farkon layi ɗaya ne, jakunkuna biyu matsi ɗaya. Na biyun kowace jaka da layinta. Bambancin yana da amfani: idan jakunkuna suna layi ɗaya, a kan kwana iska na iya gudu daga gefen da aka danne zuwa ɗayan, motar ta ƙara kwantawa. Nauyin guznek a tsakiya yake sauka, don haka layi ɗaya yana wadatar da yawancin mutane, amma mai ɗaukar dogon kaya ko kayan da suka fi nauyi a gefe ɗaya gara ya raba.

Abin da ya kamata ka gane game da manhajar shi ne matsin iska take karantawa, ba ta san tsayin motar ba, ba ta kuma san nauyin da ke kan aksil ba. Ka ce mata 40, za ta riƙe 40, ko bayan motar ya yi sama ko ya yi ƙasa. Akwai wani tsarin, SmartAir, da ke amfani da na'urar auna tsayi yana daidaita kansa, shi ma dai tsayi ya sani ba nauyi ba. Don haka tef ɗin awo na nan da aikinsa. Auna daga ƙasa zuwa bakin ramin tayar baya lokacin da motar ba ta da kaya. Maƙala tirela, sake aunawa, sannan ka riƙa ƙara iska kaɗan-kaɗan har motar ta daidaita, ba sai ta koma tsayinta na farko cif ba, tunda a-kori-kura dama bayanta ya ɗan fi gabanta tsayi. Lambar da ka samu ita za ka adana a manhajar. Iska fiye da kima tana ɗauke aikin daga sifirin gaba ɗaya, motar ta yi tauri tana tsalle.

Da zarar ka ɗaga bayan mota, ka ɗaga gaban tirela ke nan. Duba ta daga gefe: idan ta ɗaga kai, aksil ɗinta na baya zai ɗauki fiye da rabonsa, tayoyinsa su yi zafi. Bututun da ke sauka kan ƙwallo ana iya tsawaita shi ko rage shi, da shi ake gyara wannan. A bar aƙalla inci 6 tsakanin saman bangon bodi da ƙasan wuyan tirela saboda gangara da tudu. Mai gajeren bodi kuma ya gwada karya kwana a hankali, wani na tsaye yana kallo, domin kusurwar tirela na iya fasa gilashin baya.

Saura wuta. Tirelar guznek tana da birkinta na lantarki, don haka ana buƙatar soket mai baki bakwai, an fi so a cikin bodi, da na'urar sarrafa birkin tirela a gaban direba, da igiyar nan da ke kama birki idan tirela ta ɓalle. Ita igiyar a jikin mota ake maƙala ta, ba a jikin sarƙa ba.

Nauyin gaskiya kuwa sikeli ne kaɗai ke faɗinsa. A Amurka direbobi na hawa sikelin CAT Scale a tashoshin manyan motoci, kuma manhajarsu Weigh My Truck tana turo maka nauyin aksil ɗin gaba, na baya da na tirela a waya ba tare da ka sauko ba. Ana aunawa sau biyu, da tirela da kuma babu ita. Haɗa aksil biyu na motar a awon farko, cire jimillarsu ta awo na biyu, abin da ya rage shi ne nauyin da ke kan ƙwallo. Sai ka buɗe hoton takardar ƙofar da ka ɗauka ka kwatanta lambar aksil ɗin baya da GAWR. Idan ta wuce, a rage kaya ko a matsar da su baya kaɗan a kan tirela, a sake hawa sikelin. Bayan tafiyar farko da kaya kuma a koma ƙarƙashin motar da sifana mai geji a bi notocin maƙalin da na jakunkunan ɗaya bayan ɗaya.